Kasuwa a Jikin Bango: Yadda Wani Zane Ya Yi Yawon Amurka

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

 Daga nan Lafiya muke gaishe ku, da na cikin gari, da na Shabu da Agyaragu, da na Doma da Keana da Awe, har da direban da ya kamo mu a kan hanyar Makurdi. A riƙe sitiyari da kyau, kunne kawai muke nema.

Alhamis ɗin da ta wuce na shiga kasuwa sayen doya. Ciniki bai faɗa da wuri ba, mai doya ta kafe, ni ma na kafe, sai na ja gefe na tsaya ina kallo. Ga ƙwaryar doya an jera tsibi-tsibi, ga buhunan riɗi da agushi, ga 'yan dako suna ta neman hanya, ga wata baiwar Allah da goyo a baya da tire a ka tana lissafin canji da hannu ɗaya. A wuri guda na ji Hausa da Eggon da Alago da Tibi. Sai na tambayi kaina: in jikan jikana ya so ya ga yadda wannan wuri yake a yau, wa zai nuna masa?

Wannan tambaya ce ta kawo mu ga batun yau. Labarin wani Ba'amurke ne da ya zo ƙasar nan, ya tsaya a kasuwa kamar yadda na tsaya, amma shi da ya koma masauki sai ya ɗauki burushi. Sunansa Jacob Lawrence.

Baƙar fata ne, jikan waɗanda aka kwasa daga nahiyar nan aka kai bauta. An haife shi a 1917 a Atlantic City, ya tashi a unguwar Harlem ta birnin New York, ya rasu a Seattle a shekarar 2000. Tun yana ɗan shekara 23 ya yi aikin da ya fito da sunansa: alluna 60, kowanne da zanensa, suna ba da labarin ƙaurar da baƙaƙen fata suka yi daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, suna gudun wariya da talauci. Yadda ya yi aikin ma abin ji ne. Bai gama allo ɗaya ya koma na biyu ba. Jera su ya yi gaba ɗaya, ya ɗauki launi guda ya bi duka sittin ɗin da shi, sannan ya ɗauko wani launin ya sake zagayowa, don kada ja na allon farko ya saɓa da ja na allon ƙarshe. Mai rini a Kano zai gane wannan dabara ba sai an yi masa dogon bayani ba.

An baje allunan a New York a ƙarshen 1941, mujallar Fortune ta buga 26 daga cikinsu. Da aka zo saye, gidajen adana zane biyu suka yi rabon gado: na New York da ake kira MoMA ya ɗauki masu lamba 2, 4, 6 har zuwa 60, gidan Phillips da ke Washington ya ɗauki 1, 3, 5 da sauransu. Har yau haka suke a rabe. Duk wanda ya so ganin labarin a jere, sai ya jira ranar da gidajen biyu suka yarda suka ara wa juna. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

To me ya kawo shi Najeriya? A 1961 wasu matasan marubuta da masu zane suka buɗe wani kulob a Ibadan, daf da kasuwar Dugbe, suka sa masa suna Mbari. Cikinsu akwai Wole Soyinka, da Christopher Okigbo, da J. P. Clark, da wani Bajamushe mai suna Ulli Beier wanda tun 1957 yake fitar da mujallar Black Orpheus. A ɓangaren zane kuwa akwai Uche Okeke da Demas Nwoko, kuma a nan ne Arewa ta shigo cikin labarin, domin su biyun a Zariya suka yi karatu. Suna cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, waɗanda suka ce ba za su tsaya kwaikwayon malamansu Turawa kawai ba, za su haɗa da abin da suka tarar a gida. Shi Uche Okeke ma a Kafanchan ya tashi, maƙwabtanmu, kan layin dogon nan da ya ratsa Lafiya ya nufi Makurdi. Mbari ta baje ayyukan mutane daga nesa, har da Ibrahim El-Salahi na Sudan. A 1962 ta gayyaci Lawrence, aka nuna ayyukansa a Legas da Ibadan.

Ziyarar gajeruwa ce, amma ta shiga ransa. A 1964 ya dawo da matarsa Gwendolyn Knight, ita ma mai zane ce, suka yi wata takwas tsakanin Legas da Ibadan. Mutumin da ya fito daga birnin dogayen benaye, me ya ɗauke masa hankali a nan? Bai je ya zana fadar gwamna ba, bai zana sababbin gine-ginen ƙasar da ta sami 'yanci shekara huɗu da suka wuce ba. Kasuwa ya yi ta zanawa. Akwai zanen kasuwar nama, akwai na tumaki huɗu, akwai wanda ya fi shahara, Street to Mbari, wato hanyar zuwa Mbari.

Rediyo ba ta da ido, don haka bari in ara muku nawa. Ku ɗauka kun hau saman bene kuna leƙen titi ranar kasuwa. Takardar ba ta kai faɗin tabarmar salla ba, amma ba inda za ka sa yatsa ba ka taɓa mutum ko haja ba. Rufin kwano bisa rufin kwano, masu kaya a ka, masu tallan atamfa sun baza ta, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna ta gogayya. Bai damu da fuskar kowa ta fito sak kamar hoton fasfo ba. Hannuwa dogaye, kafaɗu masu kusurwa, jiki a karkace kamar mai kutsawa cikin cunkoso. Wanda ya saba da hoton kyamara zai ce ai wannan bai iya ba. Ni kuwa da na daɗe ina kallo a waya, sai na ji kamar hayaniyar tana fitowa. Abin dariya, Hausa ta riga ta haɗa su: zane na ɗaurawa da zane na burushi, rubutu ɗaya, sai dai murya ta raba. A wannan takarda zane ne cike da zannuwa.

Kada wani ya ce wannan kasuwar Yarabawa ce, ina ruwanmu. Tun 1916 Hausawa ke da unguwarsu ta Sabo a Ibadan, kuma a shekarun da Lawrence ya zo, cinikin shanu da na goro tsakanin Kudu da Arewa a hannun fatake da dillalan Sabo yake. Naman da ya gani a rataye, akasarin shanun daga Arewa suka gangaro.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Yanzu ga wani gyara da ya kamata mu yi, domin mu nan duk zanen da aka sa a firam mukan ce na fentin mai ne. Lawrence ba da fentin mai ya yi waɗannan ba, kuma bambancin yana da tasiri a kan irin tafiyar da zane zai iya yi.

Fentin mai garin launi ne da ake kwaɓawa da man wani iri, a shafa a kan yadi mai kauri ko katako. Yana jinkirin bushewa, kwanaki, wani lokaci makonni, don haka mai zane na iya dawowa gobe ya gyara, ya ɗora launi bisa launi. In ya bushe kuma yana da juriya, yana iya shekaru a rataye. Shi kuwa Lawrence fenti mai saurin bushewa ya fi so: wanda ake haɗawa da ƙwanduwar ƙwai ko sinadarin madara, da kuma wanda ake damawa da ruwa da ƙaro. E, ƙaron nan dai da almajiri ke sa wa tawadarsa don ta kama allo, wanda ake tsinta a dazukan Borno da Yobe da Jigawa, da Chadi da Sudan, a yi ta fitar da shi ƙasashen waje. Mu da garinmu ke amsa sunan Lafiyar Barebari, kun ga ashe da ɗan gashinmu a cikin kwanon fentin.

Irin wannan fenti a kan takarda ba ya son haske. In ya daɗe a fili launinsa kan koɗe, kamar atamfar da aka manta a igiya. Shi ya sa gidajen adana zane sukan fito da shi na 'yan watanni, a ɗaki mai rangwamen fitila, sannan su mayar da shi cikin duhu ya huta, wani lokaci shekaru. Saboda haka kowace fita da irin wannan zane ya yi abin ƙirgawa ce, kuma ana rubuta ta.

Ga yadda tafiyar ta kasance. Da Lawrence ya koma gida, a 1965 aka baje zane-zanensa na Najeriya a shagon wata dillaliyar zane mai suna Terry Dintenfass a New York. Daga nan suka watse, kowa ya sayi nasa ya kai gida, kamar yadda kasuwa ke watsewa da almuru. Street to Mbari ya shiga hannun masu tara zane, har a 1993 wani mutum da matarsa suka ba da shi kyauta ga babban gidan zane na ƙasa da ke Washington. Shi kuwa mai zanen, kasuwa ba ta sake shi ba. A 1966, shekara biyu da barinsa ƙasar nan, ya sake zana wata, ya kira ta Market Scene, wato yanayin kasuwa. Wannan a can ya yi shi, daga abin da ido ya adana.

Wannan na 1966 shi ne ya tayar da ƙura daga baya. A 2018 gidan adana zane na Chrysler da ke Norfolk a jihar Virginia ya saye shi. Wata ma'aikaciyar gidan a lokacin, Kimberli Gant, ta ɗauki aikin bin sawun sauran 'yan'uwansa, tare da wani ɗan Najeriya, Ndubuisi Ezeluomba, wanda a lokacin yake kula da kayan fasahar Afirka a gidan zane na New Orleans. Aiki ne irin na mai cigiyar dabbar da ta ɓata: wa ya saya, wa ya gada, yana wane gari, zai yarda ya ba da aro? Da aka tattaro su, aka haɗa da ayyukan mutanen Mbari da tsofaffin kofen mujallar Black Orpheus, aka buɗe baje koli a Norfolk a watan Oktoban 2022. Daga nan aka ɗauke shi zuwa New Orleans a Fabrairun 2023, sannan Toledo ta jihar Ohio a watan Yuni, aka rufe a Satumba. Fiye da shekara 50 ke nan rabon da zane-zanen Najeriyar nan su kwana ɗaki ɗaya.

Garuruwa uku, duka a Amurka. Bai zo Ibadan ba, bai zo Legas ba, balle Zariya. Wannan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye muku ba. Amma kafin mu yi fushi, mu yi wa kanmu adalci. Wanda ya mallaki zane irin wannan ba ya ba da aro sai an nuna masa ɗakin da zafi da laima ba sa hawa da sauka, da wutar da ba ta ɗaukewa, da inshora, da akwatin da aka ƙera musamman, da ma'aikacin da zai rako kayan ya duba su tabo-tabo kafin a rataye da bayan an sauke. Wanda ya san yadda wuta take a garin nan cikin watan Maris, ya san inda gizo ke saƙar.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu son na fentin mai, ban manta da ku ba. Akwai wani Ba'amurken, John Biggers, wanda ya yi koyarwar zane a jami'ar Texas Southern da ke Houston. A 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yanci, hukumar UNESCO ta ɗauki nauyinsa ya zagaya Afirka ta Yamma, har da Najeriya. A 1962 ya gama wani babban zane na kasuwar Kumasi, da fentin mai a kan allo. Kumasi kuwa ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja da jakuna tun kafin a san mota, kuma zangon Kumasi har gobe Hausa ake yi a cikinsa. Zanen ya zauna a gidan marubuciyar nan Maya Angelou, wadda ita ma ta yi zama a Ghana. Ta rasu a 2014, a 2015 aka yi gwanjon kayan zanenta a New York, aka sayar da kasuwar Kumasi a kan dala 389,000.

Me mai saye ya biya? Fentin da allon ba su kai ko kusa ba. Gwanintar Biggers ya biya, ya kuma biya tabbaci: an san wanda ya zana, an san shekarar, an san bangon da ya rataya. Masu wannan sana'a suna da abin da ni zan kira salsalar zane. In ka juya bayan tsohon zane a irin waɗannan gidaje, za ka tarar da takardu manne: na shagon da ya fara sayarwa, na baje kolin gari kaza a shekara kaza, da lambar da gidan ya ba shi. Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa wane ya karɓo daga wane, wane daga wane, ba ma buƙatar a koya mana darajar wannan. Ko a kara, saniyar da aka san garken da ta fito ba a yi mata kallon ta sata. Zanen da salsalarsa ta yanke, ko na gaske ne, sai farashinsa ya faɗi, masana su yi ta ja-in-ja a kansa.

Ga kuma amfanin da ya fi kuɗi. Kasuwa ba ta zama yadda take. Gobara na cinye ta, hukuma na tashinta, a rushe rumfar kara a gina shagon bulo. Babbar kasuwar Kumasi ta sha gobara, yanzu an gina sabuwa a Kejetia. Nan Lafiya, tun da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996 garin ya zama hedikwata, wanda ya yi shekara goma bai zo ba sai ya nemi ɗan jagora. Zanen da aka rubuta wa shekara da wuri ya zama shaida. Wanda ba a rubuta wa ba, ado ne kawai.

A nan zan ba ku labarin da ya sa na ɗauko wannan batu. Ina yaro akwai wani dattijo kusa da tasha, mai rubuta allon shaguna da yi wa manyan motoci ado. Shi ne mai zana zaki da dabino da dawisu a bayan gingimari. Mutane irinsa su ne masu zanen fentin mai na ƙasar nan, ko da ba wanda ya taɓa kiransu da wani babban suna. Wata rana, don nishaɗin kansa, ya zana kasuwar doya a kan falankin katako: mata zaune bayan tsibinsu, mota ta juyo baya ana lodi, yaron mota a sama yana karɓa. Wani mai shayi ya karɓa ya rataye. Shekaru muna shan shayi a ƙarƙashinsa. Da na girma na san darajar abin, na koma nema. Mai shayi ya tashi, wanda ya gaje rumfar ya ce ya tuna da wani katako, an tare ɗigar ruwa da shi wata damina, daga baya gara ta gama da shi. Dattijon ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Bai sa hannu a zanen ba, ba wanda ya ɗauki hotonsa. Yau in na ce ya fi wasu da nake gani a intanet kyau, wa zai gaskata ni?

Na san akwai masu sauraro da ke da damuwa ta addini game da zana mai rai, kuma malamai sun yi bayani a kai, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Amma kasuwa ba mutane kaɗai ba ce. Akwai rumfuna, da tsibin doya, da buhuna, da kwanon awo, da inuwar bishiya. Kuma maganar adanawa ta shafi allon zayyana, da hular da aka yi wa aiki, da tsohon hoton kakanka a gaban shagonsa.

Saboda haka, ɗana mai zane, ko kana makarantar sakandare ne ko kana jami'ar tarayya ta nan Lafiya, ko kana bakin titi da gwangwanayen fenti, in ka gama aiki juya bayansa. Rubuta sunanka, da shekara, da wurin da ka zana, da irin fentin. In takarda ce, da fensir, kada biro ya huda ya ɓata gaba. Ɗauki hotonsa gaba da baya. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta wanda ya saya da ranar. In an nuna shi a wani taro, ko da a zauren makaranta ne ranar raba kyaututtuka, rubuta, domin wannan shi ne layin farko na tarihin baje kolinsa. Na Lawrence ma da layi ɗaya ya fara.

Ke kuma Hajiya da aka kawo miki zane ranar biki, kada a rataye shi inda rana ke duka, ko jikin bangon da ke tsattsafo da damina, ko kusa da murhu. In ƙurar hunturu ta hau, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sabulu. In firam ya karye aka kai wa kafinta, a ce masa kada ya yar da takardar da ke manne a baya. Sau da yawa ita yake fara ɓallewa don aikinsa ya yi tsabta.

Wanda ke da waya mai intanet, ya rubuta sunan Jacob Lawrence da kalmar Mbari, zanen zai fito. Ku buɗe shi da kyau, ku nuna wa wata tsohuwa da ta yi zaman kasuwa, ku ji abin da za ta fara ganowa. Ni da na nuna wa gwaggona, ba ta ce komai game da launi ba. Cewa ta yi mai atamfar can ta baza kayanta da yawa, za a yi mata sata.

Doyar kuwa na saya daga ƙarshe, a farashin da ta faɗa tun farko.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]